Darasi na Goma Sha Huɗu: Sankarar Mafitsara

Manufar darasi

Ana fatan duk wanda ya karanta wannan darasi har ƙarshensa zai iya:

1. bayyana aikin mafitsara da yadda sankara ke tsira a cikinta;
2. faɗin alamar da ke wajabta wa baligi zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba;
3. nuna dangantakar wannan cuta da tsargiya da shan taba;
4. bayar da labarin yadda likita ke gano ta, da yadda ake maganinta, da yadda ake kauce mata.

Mafitsara da aikinta

Allah Maɗaukakin Sarki ya sanya wa ɗan Adam ƙoda biyu a bayan cikinsa, dama da hauni, waɗanda aikinsu dare da rana shi ne tace jini, su ware abin da jiki ya gama amfani da shi, su mai da shi fitsari. Daga kowace ƙoda kuwa akwai siririyar hanya mai gangarowa da shi zuwa wata jaka ta tsoka da ke can ƙasan mara, wadda ke iya riƙe kimanin rabin lita kafin ta matsa wa mutum ya kewaya. Wannan jaka ita ce mafitsara. Bangonta ya yi kama da bangon soro: daga ciki akwai shimfiɗa mai laushi da fitsari ke taɓawa, kamar yaɓe, bayanta akwai tsoka mai kauri, kamar tubali, sa'an nan kitse daga waje. A riƙe wannan misali, domin a kansa maganar magani za ta ginu.

Tun da yake fitsari kan yi sa'o'i yana kwance a cikin mafitsara, duk wata guba da ƙoda ta tato daga jini sai ta daɗe tana gugar wannan shimfiɗa. In abin ya yi shekaru, ƙwayoyin halittar wurin sukan fita daga ƙa'idar da aka halicce su a kai, su dinga hayayyafa ba iyaka, har su zama ƙari.

> AKWATI NA 1
> Mafitsara: jakar tsoka da ke tara fitsari a ƙasan mara.
> Ƙari: tsiron nama da ya fito inda bai kamata ba.
> Sankara (wasu su ce ciwon daji, wasu kansa): ƙarin da ke cin naman da ke kusa da shi, yana kuma iya yaɗuwa zuwa wasu gaɓoɓi.

Akwai wani rikici na lafazi da ya kamata a warware tun yanzu. Sau da yawa za ka ji a rediyo an ce sankarar mafitsara, alhali ana nufin sankarar furostet, wato wani kullutun nama da ke ƙarƙashin mafitsara wanda maza kaɗai ke da shi. Cuta biyu ce daban, maganinsu ma daban. Wadda muke magana a kanta tana kama namiji da mace, ko da yake cikin kowane mutum huɗu da ta kama, kimanin uku maza ne. A shekarar 2020 an ƙiyasta ta kama mutum fiye da 570,000 a duniya, ta kuma yi sanadin ajalin fiye da 210,000.

Alama

Babbar alamarta guda ɗaya ce: jini a cikin fitsari. Wani lokaci ja ne jawur, wani lokaci kamar ruwan shayi, wani lokaci da gudaji. Abin da ke yaudarar mutane kuwa shi ne galibi ba ya zuwa da zafi, kuma yakan zo kwana ɗaya ko biyu ya ɗauke, ya yi makonni ko watanni bai dawo ba, sai mai shi ya yi hamdala ya ce jiƙon da ya sha ya karɓe shi, alhali ƙarin yana nan yana girma a ɓoye. Yawan fitsari, da matsuwa, da raɗaɗi wajen yinsa su ma sukan zo. Ciwon kwiɓi da rama da kumburin ƙafa kuwa sai abin ya yi nisa.

Ba kowane jini ne sankara ba. Tsakuwar ƙoda tana kawo shi, haka ciwon sanyi, haka kumburin furostet, haka tsargiya. Amma ba mai iya rarrabe su da ido daga bayan gida, ko da kuwa likitan ne da kansa. Saboda haka hukuncin guda ne: baligin da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko da babu zafi, wajibi ne ya je a bincika shi.

*Misali na farko.* Wata dattijuwa da ta yi shekara takwas da barin al'ada ta ga jini bayan ta yi bawali. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa sai surukarta, wadda ta ce, "Inna, ai sanyi ne, bari in sayo miki ƙwayoyi a kemis." Ta sha, jinin ya ɗauke, bayan wata biyu ya dawo, aka sake sayowa. Ina kuskuren yake? Yana wuri biyu. Na farko, macen da ta daina al'ada ba ta da jinin da za a kira na al'ada, daga ko'ina ya fito. Na biyu, sanyin da ya ƙi jin magani har sau biyu ya wuce hurumin mai kemis. Ta wannan hanya ne mata da yawa ke isa hannun likita a makare fiye da maza.

Tsargiya

A nan zan tsaya in daɗe, domin nan ne cutar ta fi shafarmu. Wanda duk ya tashi a garin da ke da rafi ko kududdufi ya san yadda yara maza ke fitsarin jini da damina ba wanda ya damu, har a wasu wurare ana ɗaukar abin alamar balaga ne. Ni kaina na ji manya suna cewa ai da kansa yake barin yaro in ya girma. Jinin ne yake raguwa, ɓarnar tana nan.

A shekarar 1851 wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz, yana aiki a asibitin Ƙasrul Aini da ke Alƙahira, ya gano cewa wata ƙaramar tsutsa ce mai zama cikin jijiyoyin jini ke haddasa wannan cuta. Ga yadda take zagayawa. Mai tsargiya ya yi fitsari a cikin ruwa, ƙwayayen tsutsar suka fita tare da shi suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa suka hayayyafa a cikinsa, sa'an nan suka fito dubbai suna yawo a ruwan, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga, ko don wanka, ko wanki, ko su, ko dashen shinkafa, sai su huda fatarsa su shige, ba sai ya sha ruwan ba. Bayan 'yan makonni sun girma, sai su yi mazauni a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, inda macen ke zuba ɗaruruwan ƙwai kowace rana har shekaru. Kowane ƙwai yana da ƙaya a ƙarshensa. Waɗanda suka huda bango suka faɗa cikin fitsari su ne ke kawo ɗigon jinin nan na ƙarshen bawali. Waɗanda suka maƙale a bangon kuwa su ne masifar, domin jiki ba ya daina yaƙarsu, sai wurin ya yi ta kumburi yana warkewa da tabo, shekara ashirin, shekara talatin, har shimfiɗar nan mai laushi ta kaurara ta koma kamar fata, daga nan kuma, ga wasu mutane, ta rikiɗe ta zama sankara.

Tun 1911 wani masani mai suna Ferguson ya lura da wannan dangantaka a Masar, a 1994 kuma cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya wannan tsutsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Irin da tsargiya ke kawowa takan kama mutum da sauran ƙarfinsa, yana ɗan arba'in ko hamsin, alhali a Turai cutar ta 'yan sittin da saba'in ce. Kuma galibi ba a ganinta sai ta ci tsoka. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu tsargiya, Nijar ma tana fama da ita a bakin kogin Kwara. Madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori da Goronyo sun kawo arzikin noman rani wanda ba mai musunsa, amma ruwa mai tafiya a hankali cikin magudanai shi ne gidan da dodon koɗi ya fi so. Kada wannan ya firgita kowa: mafi yawan waɗanda suka yi tsargiya ba sa samun sankara. Masar kuwa, da ta dage wajen yaƙar tsargiya shekaru masu yawa, ta ga irin wannan sankara ta ragu ƙwarai a asibitocinta.

> AKWATI NA 2
> Tsargiya: cutar fitsarin jini da tsutsar ruwa ke haddasawa.
> Firazikwantel: ƙwayar maganin da ke kashe tsutsar tsargiya.
> Sababi: abin da ke jawo cuta ko ya ƙara haɗarin kamuwa da ita.

*Misali na biyu.* Ana ba da firazikwantel gwargwadon nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo, kowace ƙwaya kuma tana ɗauke da miligiram 600. Yaro mai kilo 30 yana bukatar 30 × 40 = 1,200, wato ƙwaya 2. Ubansa mai kilo 60 yana bukatar 2,400, wato ƙwaya 4. Ana sha bayan an ci abinci. An kawo wannan lissafi ne don ɗalibi ya ga araha da sauƙin abin, ba don ya auna wa kansa ba. Aunawa aikin ma'aikacin lafiya ne, kuma a makarantu sukan yi amfani da sandar awon tsawo a madadin sikeli. A sani kuma maganin yana kashe tsutsa ne, ba ya hana sake kamuwa, ba ya kuma warkar da sankarar da ta riga ta tsiro.

Taba da sinadarai

In aka dubi duniya baki ɗaya, taba ce babban sababi, domin ita ke da alhakin kimanin rabin masu wannan cuta, mai shanta kuma haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha kamar sau uku. Mutane sukan yi mamaki: me ya haɗa hayaƙi da mafitsara? Amsar tana cikin abin da muka fara da shi. Gubar hayaƙi tana shiga jini daga huhu, ƙoda ta tace ta, mafitsara ta ajiye ta.

*Misali na uku.* Direban da ke shan kara 10 kullum yana shan 10 × 365 = 3,650 a shekara. In ya fara yana ɗan ashirin, kafin ya cika hamsin ya sha 109,500. In kuma ya yi tsargiya yana yaro, to, wuta biyu ce a bango ɗaya. Duk ranar da ya daina, haɗarin ya fara raguwa ke nan, ko da shekarunsa sun ja.

Sababi na uku sana'a ce. A 1895 wani likitan fiɗa a Jamus, Ludwig Rehn, ya lura cewa ma'aikatan masana'antar rini na zamani suna yawan samun ƙari a mafitsara, daga baya aka tabbatar da haka ga wasu sinadarai da ake aiki da su wajen rini da fenti da roba da jima. Mai irin wannan aiki ya sa safar hannu da takunkumi, ya wanke jikinsa kafin ya ci abinci.

Yadda likita ke ganowa

Likita zai fara da tambaya, kuma amana ce a gaya masa gaskiya game da taba da sana'a da tsargiyar ƙuruciya. Daga nan a auna fitsari a ƙarƙashin madubin likita, a nemi jini da ƙwayayen tsargiya da ƙwayoyin cuta, a kuma yi hoton ciki a duba ƙoda da mafitsara. Amma binciken da ke yanke hukunci shi ne leƙa cikin mafitsarar, wanda ake kira sistoskofi: ana zura wani siririn bututu mai fitila da madubi ta hanyar fitsari, bayan an sa maganin kashe zafi, likita ya ga bangon da idonsa. In ya ga ƙari, sai a yanko ɗan nama a kai ɗakin gwaji, domin a can ne ake sanin ko sankara ce, wace iri ce, kuma ta tsaya a yaɓe ko ta shiga tubali. Asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri da Yamai, suna da likitocin da suka ƙware a kan hanyoyin fitsari.

Na san abin da ke hana dattawa da yawa wannan bincike shi ne nauyin buɗe al'aura. Kunya ɗabi'a ce ta ƙwarai, amma fuƙaha'u sun daɗe da halatta wa likita duban wurin cuta gwargwadon larura, kuma mutum yana da damar neman namiji ya duba shi, mace ta nemi mace, in akwai hali.

> AKWATI NA 3
> Sistoskofi: leƙa cikin mafitsara da bututu mai fitila.
> Mataki: nisan da sankara ta yi a jiki.
> Gashi: ƙona sankara da haske mai ƙarfi daga na'ura.

Magani

In ƙarin bai wuce shimfiɗa ba, ana kankare shi ta cikin wancan bututu ba tare da an tsaga ciki ba, sau da yawa kuma a zuba magani a cikin mafitsarar nan take. Ga wanda ƙarinsa ke da halin dawowa, ana zuba masa BCG, wato ruwan rigakafin tarin fuka ɗin nan da ake yi wa jarirai a kafaɗa, wanda wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna amfaninsa ga wannan cuta a 1976; ana zubawa sau ɗaya a mako har mako shida, mutum ya riƙe shi kamar sa'a biyu, sai ya tayar da garkuwar jiki ta far wa ragowar cutar. Sai dai wannan sankara tana da naci, takan dawo ga kusan rabin mutane, don haka ake sake leƙawa bayan wata uku, sa'an nan lokaci-lokaci har shekaru. Wanda ya ji sauƙi ya daina komawa ya yi wa kansa babbar asara.

In ta ci tsoka, yaɓe ba ya gyara bangon da tubalinsa ya ruɓe. A nan galibi sai an cire mafitsarar gaba ɗaya, wani lokaci bayan an yi ƙarin ruwan maganin sankara, sa'an nan a yanki ɗan guntun hanji a yi wa fitsari sabuwar hanya zuwa wata jaka da ake mannawa a fatar ciki, ko kuma a ɗinka sabuwar mafitsara da hanjin. Wasu ana haɗa musu kankara da gashi da ƙarin ruwa a bar musu mafitsararsu; amma irin da tsargiya ke kawowa ta fi jin fiɗa. In kuwa ta yaɗu zuwa huhu ko hanta ko ƙashi, magani yana rage gudunta, yana kashe zafi, yana tsayar da jini, kuma wannan ma jinya ce mai daraja wadda bai halatta a hana majinyaci ba. Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa waɗanda aka gano tasu tana kan shimfiɗa kawai, fiye da 9 cikin 10 suna raye bayan shekara biyar. Waɗanda tasu ta yaɗu nesa kuwa ba su kai 1 cikin 10 ba.

*Misali na huɗu.* Wani manomin shinkafa, da aka ce za a sa masa jaka, ya dubi likita ya ce, "Ranka ya daɗe, to, salla fa? Yaya zan tsaya gaban Ubangijina da najasa a jikina?" Likitan ya ce, "Baba, wannan tambaya ta malamai ce, ka kai musu. Ni dai abin da na sani, akwai masu irin wannan jaka da ke noma suna zuwa masallaci." Da ya tambayi limamin garinsu, sai ya karanta masa babin salasul bauli, wato fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba, inda malaman Malikiyya suka bayyana cewa in ya lazimci mutum mafi yawan lokaci ba ya warware alwala. Ya juye jakarsa, ya tsabtace wurin iyakar iyawarsa, ya yi sallarsa.

Ba zan ɓoye cewa wannan jinya tana da tsada ba, tana kuma bukatar tafiya mai nisa ga mutumin karkara. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga gida ya sayar da tumaki da hatsi ya kai wa mai tallar magani da lasifika a kasuwa, sai bayan dukiya ta ƙare, cuta ta ci tsoka, a ɗauko majinyaci a kai asibiti. Addu'a da tawakkali ba su taɓa hana riƙon sababi ba.

Rigakafi

Rigakafin ya riga ya bayyana daga abin da ya gabata. A bar taba, har da shisha. A bar 'ya'ya su karɓi maganin tsargiya in an zo rabawa a makaranta ko Islamiyya, manoman fadama da masunta su ma su nema. Kada a yi bawali ko bahaya a cikin ruwa ko a bakinsa, abin da shari'a ma ta hana. Da kowa zai kiyaye wannan, da zagayen tsutsar ya yanke, tun da babbar hanyarta ta komawa ga dodon koɗi ita ce fitsarin mutum. Mai dashe ya sa takalmin roba mai tsawo in ya samu. Ruwan rafi da za a yi wanka da shi a tafasa shi, ko a ajiye shi a mazubi kwana biyu, 'ya'yan tsutsar sukan mutu da kansu. A kuma yawaita shan ruwa mai tsabta, kada a saba da riƙe fitsari.

Tambayoyin bita

1. Bayyana hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda har ya fita, ka faɗi sassa uku na bangon mafitsara.
2. Mene ne bambancin sankarar mafitsara da ta furostet?
3. Me ya sa ɗaukewar jini bayan kwana biyu ba hujja ba ce ta samun lafiya?
4. Zana zagayen tsutsar tsargiya, ka nuna wurare biyu da za a iya yanke shi.
5. Yarinya mai kilo 45, ƙwaya nawa ce rabonta na firazikwantel? Nuna lissafinka.
6. Mutumin da ke shan kara 6 kullum, kara nawa zai sha cikin shekara 20?
7. Yaushe ake kankare ƙari, yaushe kuma ake cire mafitsara?
8. Maƙwabcinka ɗan shekara hamsin ya gaya maka a asirce cewa ya ga jini a fitsarinsa sau ɗaya, babu zafi. Rubuta abin da za ka ce masa cikin layi biyar.
9. Ku tattauna a aji: waɗanne wurare ne a garinku yara ke shiga ruwa, kuma wa ya kamata a fara yi wa magana a kai?